An fasa aurenmu, kayan da na saya bashi kuma suna shagonsa: ta yaya zan karɓo su?

'Yar Gwammaja:

Assalamu alaikum. Ni malamar makarantar firamare ce a Kano, kuma ina neman shawarar masu ilimin addini da na doka a kan abin da ya hana ni sukuni. Bayan an sa mana rana da wanda zan aura, sai ya koka mini cewa rashin wutar lantarki yana kashe masa kasuwa a shagonsa na sayar da lemo da ruwan leda. Sai na karɓi firiza da kayan sola, wato faranti da batir da inbata, ta hannun ƙungiyar gama-kai ta wurin aikinmu, a bisa sharaɗin za a riƙa cire kuɗin daga albashina duk ƙarshen wata. Mun yi magana da shi cewa kayan nawa ne, zai riƙa ba ni abin da ake cirewa daga cikin ribarsa, idan an ɗaura aure kuma a mayar da firizar ɗakina. Daga baya shi da kansa ya turo magabatansa suka ce ya fasa, iyayena kuma suka mayar musu da duk abin da suka kawo. Yanzu ya kafe a kan cewa kyauta na ba shi, alhali har yau ana yankar mini albashi. Yayyena maza sun ce za su je su kwaso kayan ko su kai shi wurin 'yan sanda. Mene ne ya dace in yi?

Almajirin Fiƙihu:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya musanya miki da mafi alheri. Maganarki duka ta rataya ne a kan tambaya ɗaya: da wane suna kayan suka fita daga hannunki, aro ne ko kyauta? Idan aro ne, babu wata doguwar magana, domin hadisi ya tabbata a wurin Abu Dawud da Tirmizi cewa abin aro ana mayar da shi ga mai shi. Shi kuwa zai so ya fake da hadisin Bukhari da Muslim wanda ya kwatanta mai janye kyautarsa da karen da ya koma wa amansa, to amma sai an fara tabbatar da cewa kyauta ce kafin wannan hadisi ya hau kanki, kuma mutum ba ya biyan kuɗin wata-wata a kan abin da aka ba shi kyauta. Idan ya taɓa ba ki kuɗin ko da sau ɗaya ne, wannan kaɗai hujja ce babba.

Ko da an ɗauka kyautar ce, abin da malamanmu na Malikiyya suka rinjayar game da abin da aka bayar lokacin neman aure shi ne a duba ɓangaren da ya janye. Idan mai bayarwar ne ya fasa, ba ya karɓar komai, idan kuwa wanda aka bai wa ne ya fasa, sai ya mayar, sai fa in akwai sharaɗi ko al'adar da ta saɓa wa haka. Sun fi kawo wannan a kan toshin da namiji yake yi, amma dalilin da aka gina hukuncin a kansa, wato an bayar ne saboda auren da ake sa rai, yana nan a maganarki, kuma kina iya gabatar da shi a gaban alƙali.

Lauya Mai Koyon Aiki:

'Yar'uwa, abu na farko, kada ki daina biyan bashin don fushi. Ƙungiyar ke ta sani, ke kika sa hannu, kuma rabuwarku ba ta shafi yarjejeniyarki da su ba. Ki nemi kwafin takardar ki karanta da kyau, domin a wasu yarjejeniyoyin biya kaɗan-kaɗan kaya ba sa zama mallakar mai saye sai ya gama biya, wanda ke nufin ko ke ba ki da ikon kyautar da su a lokacin.

Don Allah ki hana yayyenki zuwa shagon. Da zarar sun shiga sun ɗauki kaya da ƙarfi, shi ne zai koma mai ƙara, a tuhume su da kutse ko tayar da hankali, gaskiyarki ta lalace a banza. 'Yan sanda ma ba nan ne wurin ba, tunda Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Ki tara rasit, da takardar albashi mai nuna abin da ake cirewa, da shaidar kuɗin da ya taɓa turo miki ta banki, da saƙonninku na WhatsApp, kuma kada ki goge su ko ki sayar da wayar, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar karɓar irin wannan shaida idan an cika sharuɗɗanta. Sai a rubuta masa takarda a ba shi wa'adi, in ya ƙi, Kotun Shari'ar Musulunci ta yankinku tana sauraron irin wannan ƙara.

Hajiya Babba:

'Yata, abin da malam da lauya suka faɗa gaskiya ne, amma ni ban so a fara da takardar wa'adi ba. Magabatan da suka zo neman aurenki suna nan da ransu, kuma su ne suka karɓi kayansu da aka mayar musu ba tare da an rage ko allura ba, saboda haka kunya kaɗai za ta iya yi miki aikin da sammaci zai daɗe bai yi ba. Ki sa waliyyinki ya je ya sami baffan yaron, ke kuma kada ki ƙara kiransa a waya, domin kowace magana ta ɓacin rai da kika faɗa zai riƙe ta. Idan hakan bai yi ba, a tafi wurin mai unguwa, daga nan sai Hisba, waɗanda sulhu irin wannan aikinsu ne na kullum.

Abin da nake jin tsoro shi ne jinkiri. Batir na sola yana mutuwa da yawan aiki, firizar da ke shago kuma ba hutawa take yi ba, kada ki wayi gari kin gama biyan kuɗin sabon kaya an miƙo miki kwarangwal. Idan aka zauna, a ba shi zaɓi biyu: ko ya dawo da kayan nan take a gaban shaidu, a kira mai gyara ya duba lafiyarsu, ko ya riƙe su ya biya ki abin da aka riga aka cire da wanda ya rage. In ya zaɓi na biyun, a rubuta adadi da ranakun biya kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni, baffansa ya sa hannu a matsayin mai tsaya masa.

'Yar Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na duba wayata na ga shaidar kuɗin da ya turo mini, har da saƙon da ya rubuta a kai cewa "na firizarki ne". Na nuna wa kawuna, ya kuma ce zai je wurin baffansa bayan sallar Juma'a, yayyena su ma sun yarda su dakata har ya dawo.