Cek injin ta kama bayan wankin inji, sikana ta nuna P0113

Ɗan Kawo:
Salam 'yan uwa. Corolla ce 2006, tun da na kai ta wankin inji satin da ya wuce wutar cek injin ta kama, ga shan mai ya ƙaru, in na je Kakuri daga Kawo na dawo sai in ga allura ta sauka. An jona mata sikana ta nuna P0113, wai zafin iskar da ke shiga inji digiri -40 ne, a Kadunan nan da rana ke gasa mutum! Bakanike ya ce sai an canja iyafulo, wato na'urar auna iskar da ke shiga inji, gaba ɗaya. In biya ne ko da wata dabara?

Mai Waya Kurmin Mashi:
Wa alaikassalam. Malam kar ka ciro ko sisi tukuna. Wannan -40 ɗin ba sanyi ba ne, haka biren bos, wato kwamfutar motar, ke nunawa in layin sensan zafin iska ya yanke, da a ce wayoyin haɗewa suka yi P0112 za ka gani. A motarka sensan yana cikin iyafulo ne, soket mai waya 5, biyu nasa ne. Zare soket ɗin ka haska da tocilan, ka duba ko ruwa ya kwanta ko fil ya yi kore ko ya lanƙwashe. In ka murɗa makulli ya kamata ka samu bolt 5 a waya ɗaya. Shi kuma sensan a sa masa mitar gwada lantarki, da sanyin safiya wajen om 2000 zuwa 3000 zai ba ka, a hura masa iska mai zafi ta diraya lambar ta riƙa sauka, in ta sauka to lafiyarsa lau, wayar ce.

Baban Amira:
Gaskiya ne oga, amma ni ban yarda shi kaɗai ke shanye masa mai ba, Toyota in sensan nan ya ɓace ɗauka take iskar digiri 20 ce ta ci gaba da tafiya. Ɗan Kawo ka buɗe iyakilina, wato gidan filtar iska, ka gani, ƙurar hunturun bana ba wasa ba. Kuma don Allah kar ka bari a wanke iyafulo da fetur ko a sa masa buroshi, siririyar wayar ciki ba ta son taɓi, akwai feshinsa daban.

Ɗan Kawo:
Allah ya saka da alheri. Mun zare soket, waya ɗaya ashe ta tsinke daga gindi roba ce kawai ta riƙe ta, an yi mata soda an goge kod, yanzu digiri 38 sikana take nunawa. Filta kuwa da muka kakkaɓe sai da yaron shagon ya yi atishawa.