Ɗakin kallon sama irin na Turrell: me ke hana launin sama juyawa?

Ɗalibin_Zane:
Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan ɗakunan nan ce da James Turrell, ɗan Amurka mai fasahar zane da haske, ke ginawa, masu buɗaɗɗiyar kafa a rufi, inda mutum zai zauna ya ga sama ta koma kore ko shunayya alhali ba a taɓa ta da komai ba. A ce ɗaki ne mai mita 4 a kowane gefe, an buɗe kafa mai mita ɗaya a tsakiyar rufin, an zagaye bango da fitilun LED masu sauya launi, amma sama ta tsaya a shuɗinta kamar ana leƙenta ta taga. Ina kuskuren yake? Fitilun ne, ko ginin?

Malama_Launi:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fara duba lokacin, kafin ka zargi fitila. Da rana tsaka hasken sama ya ninka na bangonka nesa ba kusa ba, ido kuwa abin da ya fi haske yake bi. Abin yana kamawa ne sa'ad da hasken sama ya sauko ya yi kusan daidai da na rufi, wato da almuru da kuma ketowar alfijir, lokacin da rana ke tsakanin bakin sama da digiri 6 a ƙarƙashinsa. Kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, wannan tazarar ba ta wuce minti ashirin da 'yan kai ba, can arewa ko kudu mai nisa kuma takan ja sosai.

Dalilin juyawar launin a cikin ido yake. Ƙwayoyin ganin launi iri uku ne a idon mutum, kuma idan launi ɗaya ya cika wuri, masu karɓarsa sukan gaji, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauki wannan launin a matsayin fari, ta tura duk abin da ke kusa zuwa kishiyarsa. Rufi ruwan goro zai sa sama ta yi shuɗi mai duhu kamar a rini. Kore zai tura ta wajen shunayya, ruwan hoda kuma ya tura ta wajen kore. Chevreul, masanin rini a Faransa, ya bayyana yadda launi ke sauya kamannin na kusa da shi tun 1839. Amma fa sai an ba ido lokaci: kowane launi ya zauna aƙalla minti biyu zuwa uku, sauyin kuma ya zo a hankali yadda mai kallo ba zai lura da lokacin da ya faru ba.

Magini_Tsoho:
Maganar Malama haka take, sai dai ko lokacin ya yi daidai, bakin kafar zai iya ɓata komai. Muddin ido ya hango kaurin rufin, ko na santimita biyar ne, ya gane taga ce, sama kuma ta koma can nesa. A ayyukan Turrell bakin yana zuwa ne kamar kaifin wuƙa, shi ya sa sama ke zama kamar allon fenti da aka manna a rufi. A fiƙe kaurin ta saman rufi, gangaren ya kwanta sosai yadda wanda ke zaune a kowace kusurwa ba zai gan shi ba, a ƙarasa bakin da farantin ƙarfe mai milimita 2 ko 3. A yi wa ruwa hanyar zuba waje, kada ya bi gangaren ya sauko kafar, in ba haka ba damina ɗaya za ta zana baƙin layi a bakin.

Fenti fari marar sheƙi, kuma a goge gaɓoɓin silin sumul, don hasken da ke zuwa daga gefe ba ya rufa wa magini asiri. Kada reshen bishiya ko wayar lantarki ta shigo cikin kafar daga kowane wurin zama.

Injiniya_Fitila:
Ga ɓangaren wuta. A ɓoye fitilun a bayan majinginar benci, sama da kan masu zama, suna haska bango zuwa sama. Idan aka ga ƙwan fitilar kai tsaye, an gama. A sayi zaren LED mai volt 24 mai launi huɗu, ja da kore da shuɗi da fari, domin farin da ake haɗawa daga launi uku kaɗai yakan fito da datti. Zagayen ɗakin mita 16 ne. Idan zaren na cin wat 14.4 a kowace mita, jimla wajen wat 230 ke nan, sai a sa taransifoma mai wat 300. A shigar da wuta ta kowace kusurwa, don idan ta gefe ɗaya ta shiga, ƙarshen zaren zai dusashe kuma launinsa ya karkata.

Na'urar rage haske ita ce inda aka fi yin arha a yi da-na-sani. Mai matakai 256 takan yi tsalle a ƙaramin haske, mai kallo ya ga sauyin yana tafiya daki-daki, a daidai lokacin da ake buƙatar santsi. A nemi mai bit 16, wato mai matakai dubbai, wadda kuma ƙyaftawarta ta haura dubu a daƙiƙa, saboda kada ta gajiyar da ido ko ta yi layi-layi a bidiyo.

Malama_Launi:
Injiniya, ƙari ɗaya: kada yawan launukan na'urar ya ruɗi ɗalibin. Mai fasaha Olafur Eliasson ya cika babban zauren gidan baje kolin zane na Tate Modern da ke Landan a 2003 da rana ta ƙarya, da fitilu masu launi guda da hazo da madubi a rufi, komai ya koma rawaya da baƙi. Launi ɗaya ke nan. Ɗalibi, ka fara da ruwan goro mai laushi kaɗai, ka bar shi tun kafin faɗuwar rana da minti goma har duhu ya rufe, ka rubuta a wane minti sama ta fi zurfi. A kan wannan mintin za ka tsara sauran launukan.