Rajistar adireshi a Jamus ta cije mana: wa zai sa hannu a takardar mai gida?

Assalamu alaikum. Na zo Jamus da matata da yara a shirin musayar malamai, zan yi shekara ɗaya ina koyarwa. Gidan da muke ciki na wani malami ne da ya tafi bincike ƙasar waje, shi ma haya yake, ya ba mu aron haya da sanin mai gidan.

Doka ta ce a yi rajistar adireshi, wato Anmeldung, cikin kwana 14 da tarewa. Mun je ofishin rajista da fasfo da yarjejeniyar haya, aka mayar da mu: sai da takardar Wohnungsgeberbestätigung, wadda wanda ya ba ka gidan yake cikewa. Mai gidan ya ce ba da shi muka ƙulla haya ba, don haka ba ruwansa. Malamin kuma ya cike ta, amma hotonta ya turo ta imel, ma'aikaciyar ta ce ba za ta karɓi hoto ba. Aiko da ta asali ta gidan waya zai ci makonni.

Komai ya tsaya a kan wannan takarda. Babu lambar haraji, don haka za a yanki haraji daga albashina a ajin haraji na 6, mafi tsanani. Banki ya ƙi buɗe mini asusu, makarantar yara ma tana jiran shaidar adireshi. Ga tarar jinkiri da kan kai Yuro 1,000.

Don Allah, wanda ya taɓa shiga irin wannan: idan malamin ya wakilta wani a nan a rubuce ya sa hannu a madadinsa, ofishin zai karɓa?