Wa katun ya taɓa sa shi hawaye a gaban 'ya'yansa?

Maman Hanifa, Gyallesu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar na kunna wa yara The Lion King, tsohon na 1994, don in samu in gama wanki. Na leƙo ɗakin daidai inda ɗan zakin nan Simba yake tura gawar ubansa da kai, yana roƙonsa ya tashi su tafi gida. Wallahi a bakin ƙofa na ƙame, kumfa a hannuna, hawaye na zuba. Bara Babanmu ya rasu. Sai autata ta juyo ta ce, "Mama, shi ma ba zai tashi ba kamar Kaka?" Don Allah kuna barin yara su kalli irin wannan wurin, ko wucewa kuke yi?

Abu Sadiq, Samaru:
Allah ya jiƙan Baba, Hajiya. Ni Finding Nemo ne ya kama ni. Yara na ta ƙyalƙyala dariyar Dory, kifin nan mai mantuwa, ni kuwa uban ɗan kifin Nemo nake kallo. Tun farkon fim ya rasa matarsa da ƙwayayensu, ɗa guda ya rage masa, shi ya sa ya hana yaron sakat. Haka nake da babban ɗana tun da ya yi doguwar jinya yana ƙarami. Ko Islamiyyar bayan layinmu sai na raka shi, mahaifiyarsa ta yi magana har ta gaji.

Malama Uwani, Tudun Wada:
Amin. Ƙanwata kada ki wuce wurin. A firamare nake koyarwa, yaran nan sun san mutuwa. Suna ganin an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, suna ganin mata na kuka, sai a kore su a ce su je su yi wasa. Babu mai zama ya yi musu bayani. Tambayar da 'yarki ta yi ta daɗe a ranta, fim ɗin ne ya ba ta bakin faɗa. Ki rungume ta, ki amsa mata daidai hankalinta, ki koya mata yi wa kakanta addu'a.

Ummu Aisha, Kongo:
Ni mintuna goman farko na katun ɗin Up. Mata da miji sun tsufa tare, ba su samu haihuwa ba. Tare da yayata na kalla, ita ma jiran take yi har yau. Babu wadda ta iya kallon 'yar uwarta.

Baban Khalifa, Sabon Gari:
Ban ƙi ta Malama ba, amma ku riƙa fara kallo kafin yara. Coco na 2017 a kan bikin matattu na Meziko aka gina shi, akwai abin da ya saɓa wa aƙidarmu, sai da na tsayar da fim na yi musu bayani. Duk da haka tsohuwar nan da ke zaune a kujera ta fara manta mutanenta, Innarmu na gani sak. Yanzu har sunana takan ɓace mata. Ɗana na tsakiya ne ya fara lura, ya ce mu riƙa rera mata waƙoƙin da take so, ko za ta tuna. Tun daga lokacin shi ke kai mata kunu da safe.