Zaman jiran aiki: wanda ya sha shi ya ba mu labari

Ɗan Sumaila: Salama 'yan'uwa. Shekara uku ke nan da gama NCE ɗina, takardar tana cikin akwati ƙarƙashin gado. Baba Fasto ya ce ranar Lahadi in yi wa zumuntar matasa magana a kan neman aiki, ni da ko na gadi ban samu ba! Ba na so in ce musu "ku yi addu'a" kawai in koma in zauna. Wanda ya ɗanɗana ya faɗa mana.

Malamin Rogo: Ni N-Power, shirin gwamnatin tarayya na ba matasa aikin wucin gadi, ta ɗauke ni a 2016, koyarwa a firamare, dubu 30 duk wata. Na miƙe ƙafa kamar an ba ni aikin dindindin, har na yi aure a kai. A 2020 aka sallame mu. Abokin aikina Musulmi tun watan farko yake sayen awaki, ni kuwa waya da takalmi. Yau yana da injin niƙa. Ka gaya musu aikin wucin gadi jari ake cirewa a cikinsa.

Wata 'yar'uwa: Tawa matsalar takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ce. Ma'aikacin ya dubi sunana na baftisma, ya ɗago kai ya ce, "Ke 'yar ina ce?" Da Hausar da na sha a nono na amsa masa cewa kakana a garin nan aka binne shi. Duk da haka sai "dawo gobe" har sau huɗu, kafin nan an rufe karɓar takardun aikin asibitin da nake nema. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Daga baya babana ya kai ni wurin mai unguwa, shi ya haɗa mu da dagaci, dagaci ya rubuta wa hakimi. Da sa hannunsu ba wanda ya ƙara yi mini tambaya. Sun san gidanmu tun zamanin kakanni, mu ne ba ma zuwa gaishe su sai buƙata ta taso. Ku nemi takardar tun ba a buga tallar aiki ba. Ku kuma duba sunan da ke WAEC ko ya yi daidai da na NIN, harafi ɗaya yana iya mayar da mutum gida.

Wani ɗan'uwa: Buhu shida na masara babana ya sayar don wani ya ce zai samo mini aikin kwastan. Mutumin har ayoyi yake jawowa, mu rufe da addu'a. Takardar da ya kawo ta bogi ce. Ban faɗa wa kowa a majami'a ba sai yau.

Manomin Kadawa: Sannu ɗan'uwa, Ubangiji ya mayar maka. Ni da digirina na shiga noman rani, da ruwan da ke zuwa daga madatsar Tiga. Shekarar farko ƙwadago na yi a gonar wani Alhaji, ina koyon dashen tumatir. Tun ranar farko na ce masa ba na fita safiyar Lahadi, ya ce ba komai, shi ma Juma'a da azahar ba ya nan. Yanzu ina aron fili, ina kai kwandunana kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Akwai asara fa, idan tumatir ya yi yawa kuɗin kwando ko na mota ba ya fitarwa, shi ya sa nake haɗawa da albasa. Masu cewa na zubar da karatu, ai Manzo Bulus da iliminsa ɗinkin tanti ya yi.

'Yar Jigawa: Yayana, maganarka gaskiya ce, amma taki da mai ba da aya ake sayensu ba. Ni ɗinki na koya, wata takwas ban da keke. Adashin zumuntar mata ne ya saya mini. Me ya hana matasa yin nasu?

Ɗan Sumaila: Na gode ƙwarai. Maganar adashi zan kai wa dattawa. Yaya na Kadawa, in na zo bayan girbi za a samu wurin kwana?

Manomin Kadawa: Akwai. Ka taho da tabarma da gidan sauro.