Karin maganar Turanci a aikin bincike: ina kuskuren yake?

Ɗalibi daga Runjin Sambo:
Assalamu alaikum. Ina rubuta aikin bincikena na kammala digiri da Turanci, a kan wani sabon tsarin rumbun albasa da aka ce yana rage ruɓa. A takarda lissafin ya fita tsaf, amma da na je Wurno sai na tarar manoma ba su karɓe shi ba, domin kuɗin gina shi ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Don in nuna tazarar da ke tsakanin tsari da aiki, na rubuta "the proof is in the pudding". Malamin da ke duba aikin ya ja layi da jan biro a ƙarƙashinta, ya sa alamar tambaya, bai ce uffan ba. Shin maganar ce na rubuta ba daidai ba, ko wurin ne bai dace da ita ba?

Malamin Turanci, Mabera:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ina ganin duka biyun ne. Cikakkiyar maganar ita ce "the proof of the pudding is in the eating", abin da ka rubuta kuwa gutsurenta ne da ya yaɗu, musamman a Amurka. Kalmar "proof" a nan tana ɗauke da tsohuwar ma'anarta ta gwaji, wato ba a sanin daɗin abinci sai an kai baki. To, nan ne matsalarka ta fi girma, domin rumbunka bai faɗi gwaji ba. Manoma ba su ma samu halin gwada shi ba.

Hajiya daga Gawon Nama:
Da Hausa kake rubutu, ƙanena, da "ba girin-girin ba, ta yi mai" ta wadatar, kuma duk wanda ya taɓa ganin mai ƙuli-ƙuli tana juya markaɗaɗɗiyar gyaɗa har mai ya tsattsafo zai gane nan take. Amma kada ka kuskura ka juya ta zuwa Turanci. Mai duba bincike adadi yake nema: manoma nawa ka tambaya, nawa suka ƙi, kuma nawa ne kuɗin siminti da katako idan aka kwatanta da rumbun kara.

Ɗalibi daga Runjin Sambo:
Na gode, Malam, na gode, Hajiya. Na goge karin maganar Turancin, kuma ranar Asabar zan koma Wurno in tambayo farashin rumbun kara, domin ban rubuta shi ba a zuwan farko.