Tsibirin Trossö: ciniki aka yi ko ƙwace?

Ɗan Gwale: Jama'a ni dai na tsaya a kan maganata, garin Karlskrona na Suwidin da ake ta yabo har UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi a 1998, a kan ƙasar ƙwace aka gina shi. Tsakiyar garin tsibiri ne, Trossö, kuma gonar wani manomi ce, Vittus Andersson, bawan Allah bai so sayarwa ba aka tilasta masa.

Malamin Tarihi: Kai ɗan uwa ƙwace fa kalma ce mai nauyi. Duba halin da ake ciki tukuna. A yaƙinsu da Danmak daga 1675 zuwa 1679 jiragen ruwan Suwidin suna Sitokholm, ƙanƙara ta daskare tashar har bazara, kafin su fito 'yan Danmak sun riga sun gama shiri, ga kuma kashin da suka sha a 1676 kusa da tsibirin Öland inda babban jirginsu Kronan ya nutse. Sarki Karl XI dole ya nemi tasha a kudu wadda ruwanta ke saurin narkewa, shi ya sa ya kafa garin a 1680.

Ɗan Gwale: Toh Malam buƙatar sarki ita ce ta halatta gonar talaka kenan?

Hajiya Babba: Ku kuna ta faman manomi ɗaya, ni abin da ya fi ba ni haushi mutanen Ronneby ne wallahi, wani gari da ke kusa da Karlskrona. Garinsu yana nan da kasuwarsa, aka soke masa matsayin gari aka ce 'yan kasuwa su tattara su koma sabon wuri don kawai a samu masu cika shi, wannan fa ba mutum ɗaya ba ne.

Malamin Tarihi: Hajiya wannan kam ban musa ba. Kuma kar a manta yankin Blekinge, inda garuruwan biyu suke, gaba ɗaya na Danmak ne sai 1658 ya koma hannun Suwidin, shekara 22 kacal kenan, kafa sojan ruwa a nan har da nuna wa mutanen wajen waye sabon maigida.

Ɗan Gwale: Yauwa ka dawo hanya 😂

Malamin Tarihi: Ban dawo ba. Cewa na yi dalilin soja gaskiya ne, ba ƙarya aka shirya don a cinye gona ba. Shaida kuwa har yau rundunar ruwansu tana nan, ana ƙera jiragen ƙarƙashin teku a wajen.

Auta: Ni dai tambayata, in aka miƙo maka kuɗi sarki na tsaye a kanka kuma ba ka da ikon cewa a'a, sunansa ciniki?

Hajiya Babba: Auta bar Malam ya sha ruwa tukuna kafin ya amsa wannan.